KUKAN FAMBEL

Shafi na 19

Salamu alaikum 'yan amana. Baiwar Allah da ta turo min saƙo tana cewa in cire wa Khairiyya rigar kanikanci in mayar da ita kicin, ki yi haƙuri, ba zan cire ba. A haka na same ta, a haka za ta tafi. Bismillah.

*

Khairiyya na kwance ƙarƙashin wata tsohuwar bas a garejin Oga Boniface da ke Sabon Gari, wayarta ta fara ruri cikin aljihun rigar aiki. Ta goge hannu da tsumma ta ɗauka.

"Inna, barka da hantsi."

"Ki zo gida yanzu. Ki taho da kayan aikinki."

"Lafiya dai?"

"Motar yayanki ce."

Khairiyya ta jawo jiki ta fito daga ƙarƙashin bas ɗin. Shekara huɗu tana kanikanci, Yaya Bahauddeen bai taɓa barin ta ta taɓa ko madubin motarsa ba. Ko sunanta ba ya kira, sai dai 'Yar Baƙin Mai.

"Shi ya ce a kira ni?"

"Ni na ce. Ni Gumsu da na haife ku ku biyun."

Inna ta kashe wayar.

Oga Boniface na zaune kan benci da kular abinci a gefensa, idanunsa sun zurma. Sati uku ke nan da wata mota ta doki adaidaita sahun da matarsa Madam Mercy ke ciki a kusa da Bata, ta gudu. Madam na asibiti da karaya biyu. Direban adaidaitar, Abdulnasir, wanda kullum shi ke kai ta kasuwa, har yau yana hannun 'yan sanda. Babu wanda ya ga lambar motar, sai laifin ya koma kansa.

"Oga, ana nemana a gida. Ya jikin Madam?"

"Jiya ta zauna da kanta. Ta ce in gaya miki kunun gyaɗar da kika kai ya yi daɗi." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Je ki, 'yata. Bas ba za ta gudu ba."

*

Tun daga bakin layinsu a Fagge ta jiyo shi.

Ƙiiiiiiiii!

Kuka mai shiga haƙori. Mai shayin bakin layi har ya toshe kunne ɗaya.

Ta tura get ta shiga. Ga motar nan a tsakar gida, baƙa wuluk, an sauke ta har cikinta na neman shafar siminti, da salansa biyu a baya. Bara Bahauddeen ya sa aka ɗora mata sufacaja, na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙarin gudu. Da ita yake wasan mota a bikin abokai. Sati uku ba a gan ta a gidan ba, ya ce tana wajen fenti.

Yana ganin Khairiyya ya kashe injin ya fito.

"Wa ya kira wannan?"

"Ni ce," in ji Inna daga bakin ƙofar falo.

"Inna, na ce miki ba na so ta taɓa min mota!"

"Makanikai uku ka kai wa. Fambel uku aka canza. Mai saye yana hanya daga Kaduna, ya ce in tana wannan kukan ba zai ɗauka ba. Sai ka zauna da ita?"

Khairiyya ta ajiye akwatin kayan aikinta a ƙasa.

"Sayar da ita za ka yi, Yaya? Motar da ka ce ko a lahira da ita za ka tashi?"

"Ba ruwanki."

"To. In tafi ko in duba?"

Ya kalli agogon hannunsa. Ya ja tsaki.

"Fambel kawai. Kada idonki ya wuce nan."

"Buɗe bonet. Ka tayar da ita."

Ƙiiiiiiiii!

Ta ɗauki ledar fiya wata ta fasa gefe da haƙori, ta tsiyaya ruwan a kan fambel ɗin yana juyawa. Nan take kukan ya ɗauke. Inna ta buɗe baki za ta yi hamdala.

Ƙiiiiiiiii!

"Kashe," in ji Khairiyya.

"Wannan ne aikin? Wanka za ki yi mata?"

"Da sakwarkwacewa ya yi yana santsi, ruwa ƙara masa kuka zai yi. Tunda ya yi shiru ya dawo, laifin ba na fambel ba ne. Ko goma ka saya haka za su yi."

Ta shafa gefen robar ta nuna masa yatsanta. Baƙin gari ne.

"Ka gani? Gefe ɗaya kawai yake cinyewa. Kuma wane ne ya goga masa sabulu?"

"Na farkon."

"Man birkin fa?"

"Na biyun."

"Allah ya shirye su."

Ta zaro doguwar rula ta ƙarfe, ta kwantar da ita a fuskar fulin, wato ƙafafun ƙarfen da fambel ke zagayawa a kansu. Na altaneta daidai. Na babban inji daidai. Da ta zo kan na sufacaja, sai ga tazara tsakanin rula da fuli, har tsinken ashana zai shige.

Ta sunkuya ta haska da fitilar waya. Biraket ɗin da ke riƙe da sufacajar ya lanƙwashe.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Yaya, biraket ba ya lanƙwashewa da kansa."

"Rami na faɗa."

"Rami daga ƙasa yake duka. Wannan daga gaba aka doke shi."

"Na ce miki rami ne."

"Ramin ne ya saya maka sabon lagireto? Ramin ne ya yi wannan waldar? Ko fenti ba a shafa mata ba."

"Khairiyya," Inna ta ce da sauri, "yi abin da aka kira ki ki yi."

Khairiyya ta waiwaya ta kalli mahaifiyarta. Inna ta kau da kai tana gyara mayafi.

Khairiyya ta koma kan injin. Ta sa dogon sifana ta danne ajastar da ke ɗaure fambel, ta zare robar. Ta jiƙa tsumma da fetur ta wanke fulin ɗaya bayan ɗaya, har sabulun da man birkin suka fita. Ta sassauta notuna ukun biraket ɗin. Miƙar da shi sai a gareji, amma in ta cusa washa biyu, 'yan zobban ƙarfe, a bayansa ta gefen da ya karkata, fulin zai dawo layi.

Ta farko ta shiga lafiya. Ta biyun ta suɓuce daga yatsunta ta faɗa can ƙasan injin.

Ta zura hannu har kafaɗa tana lalube. Yatsunta suka taɓo washar. Suka kuma taɓo wani abu, a maƙale tsakanin ƙafar lagireto da shasi.

Ta ja. Ya ƙi. Ta ƙara ja da ƙarfi, ya fito.

Guntun roba ne mai tauri, rawaya, bai kai tafin hannu ba. Irin rawayar adaidaita sahu. A jikinsa akwai rabin koriyar sitika, da harufa huɗu da suka rage, FACE, sai lambar waya a ƙasa.

Ta san sitikar. Ta garejinsu ce. Ita da hannunta ta manna ta a bayan adaidaitar Abdulnasir, ranar da ta canza masa birki.

Kanta na cikin bonet, babu wanda ya ga fuskarta. Ta dunƙule abin ta tura shi aljihun ƙirji. 

Ta cusa washar. Ta ɗaure notuna. Ta sake ɗora rula, babu tazara ko ta gashi. Ta mayar da fambel ta saki ajasta.

"Tayar."

Injin ya tashi da gurnani mai kauri. Babu kuka.

Bahauddeen ya taka totur. Salansa biyun suka amsa har tagogin falo na girgiza. Ya kunna esi. Ya murza sitiyari hagu da dama. Shiru.

"Alhamdulillahi!" in ji Inna.

Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Kai! Khairiyya! Ashe da gaske kin iya!"

"Kashe."

"Bari ta ɗan yi zafi mana."

"Na ce ka kashe."

Ya kashe. Kafin ya fito ta danne ajasta, ta zare fambel ɗin da ja ɗaya, ta rataya shi a kafaɗa.

"Ke! Me kike yi?"

"Na gyara, ka ji da kunnenka. Kada gobe ka ce ban iya ba. Yanzu ka gaya min abin da ka buge."

"Kin haukace ne?"

Ta ciro guntun robar ta ɗaga shi.

Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"A ƙarƙashin lagiretonka na ciro. Mai waldarka sauri yake yi, bai leƙa ƙasa ba."

"Adaidaita nawa ne a Kano? Duk rawaya ne."

"Nawa ne ke da sitikar Oga Boniface? Guda ɗaya na manna wa, Yaya. Ɗaya tak."

Ya jingina da motar. Ya share fuska da tafin hannu. Muryarsa ta sauka.

"Ba da gangan ba ne."

"Ban tambaye ka wannan ba."

"Daga ɗaurin aure muke. Ina tsere da wani. Kawai na ga ya shigo gabana, na taka birki ta ƙi tsayawa."

"Ka tsaya?"

"A Bata? Kin san Bata! Da na tsaya da tuni an yi sadakar bakwai ɗina. Ƙona ni za su yi har da motar."

"Ka ga adaidaitar ta kife?"

Ya kau da kai.

"Yaya, ka ga ta kife?"

"Ta madubi."

"Lambar fa? Ya aka yi ba wanda ya gani?"

"Ina cirewa in za mu yi wasa."

Khairiyya ta gyaɗa kai a hankali.

"Ranar na dawo gidan nan ina kuka. A nan, bakin rijiya, na gaya muku an karya Madam. Kana zaune kana cin tuwo. Har cewa ka yi Allah ya tona asirin wanda ya yi."

"Sai a bakinki na san ita ce. Wallahi sai a bakinki."

"Sannan ka ci gaba da cin tuwonka."

Ta juya wajen mahaifiyarsu.

"Inna, kin ji abin da ɗanki ya..."

Ta tsaya. Babu mamaki a fuskar Inna. Ko kaɗan.

"Inna?"

"Rage muryarki. Maƙwabta na ji."

"Kin sani?"

"Ranar ya gaya min."

Khairiyya ta ja da baya har ta taka akwatin kayan aikinta.

"Ke kika dama kunun da nake kai mata. Ke kika ce in ƙara gyaɗa don ƙashi ya yi saurin haɗewa. Ranar Juma'a tare muka je, kika riƙe hannunta kika yi mata addu'a."

"Da zuciya ɗaya na yi."

"Kina sane?"

"To me kike so in yi? In ɗauki ɗana in kai shi da hannuna? Ba ki haihu ba, ba ki san komai ba!"

"Kuma kika kira ni in gyara masa ita ya ɓatar."

"Na ɗauka roba ce kawai za ki canza ki tafi. Ina na san za ki tono ƙasan mota?"

Inna ta matso ta kama hannunta mai baƙin mai.

"Saurara. Matar nan ba ta mutu ba, tana warkewa. Mota ta tafi Kaduna yau, magana ta mutu. Babanku bai sani ba, kuma kin san hawan jininsa. Ki rufa mana asiri."

"Abdulnasir fa?"

"Allah zai fitar da shi."

"Shi ma wata ce ta haife shi, Inna. Kullum tana bakin ofishin 'yan sanda da kwano a hannu. Matarsa cikin wata bakwai gare ta. Adaidaitar da yake ci da su da ita ta zama gwangwani, kuma an ce shi ne mai ganganci."

"Bare za ki zaɓa a kan jininki?" in ji Bahauddeen.

Ta juyo kansa.

"Bare? Shekarata ta farko a gareji, wa ya zo ya ja ni da hijabi a gaban mutane yana cewa na zubar wa gida mutunci? Kai ne. Wa ta fito daga shago ta tsaya tsakaninmu ta ce sai dai ka fara dukanta? Madam ce. Shekara huɗu a kwano ɗaya nake ci da 'ya'yanta. Ran da na suma da azumi, ita ta goya ni zuwa kemis. Kada ka ƙara ce mata bare a gabana."

"Ba ni fambel ɗina."

"Ba zan bayar ba."

"Sabon Gari cike take da fambel. Yanzu zan sayo wani."

"Je ka sayo. Duk shagon da ka shiga sun san ni, sun san Madam. Kafin ka dawo na kwance washa biyun nan, ta koma kukanta. Ka ja ta a haka ka ratsa Fagge kowa na kallonka."

"Khairiyya!" Inna ta daka tsawa. "In kika fita da maganar nan daga gidan nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba!"



Hawaye ya gangaro wa Khairiyya, ya bar layi biyu a kan baƙin man da ke kumatunta. Ba ta share ba.

"Inna, ban taɓa ƙin maganarki ba. Kika ce in dinga dawowa kafin magariba, ina dawowa. Kika ce kada in cire hijabi ko a ƙarƙashin mota, ban taɓa cirewa ba. Ki ce in bar kanikancin ma yau, wallahi zan ajiye sifana. Amma ba zan koma garejin nan in kalli idon mutumin nan in ce masa ya jikin Madam ba, alhali wannan abin na aljihuna. Ba zan iya ba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Ki yafe min. Amma ba zan iya ba."

Ta juya ga yayanta.

"Hanya ɗaya ce. Ka wanke fuska mu tafi wajen Oga tare yanzu. Ni zan fara shiga. In durƙuso ne tare za mu durƙusa. Ka faɗa da bakinka, a saki bawan Allah nan. Oga ba mugu ba ne, in ka je da ƙafarka zai saurare ka."

"In na ƙi fa?"

"Zan tafi ni kaɗai."

Ya yi taku biyu zuwa gare ta, idonsa a kan aljihun ƙirjinta. Ta sunkuya ta ɗauki dogon sifanan.

"Taɓa ni ka gani. Ba yarinyar da ka ja da hijabi ba ce yanzu."

"Ni za ki ɗaga wa ƙarfe?"

"Kai ka fara ɗaga wa mutane ƙarfe, Yaya. Naka ma mai ƙafa huɗu ne."

Sai aka turo get.

"Salamu alaikum! Gumsu, shimfiɗa tabarma, da baƙo nake."

Baba Modu ne, mahaifinsu, da hularsa a hannu yana fifita. Bai saba barin shagonsa na Kantin Kwari kafin la'asar ba.

"Tun safe kukan motar nan ke cikin kunnena, na kasa ciniki. Na ce bari in je Sabon Gari in ɗauko Khairiyya, tunda yaron nan girman kai ba zai bar shi ya nemi ƙanwarsa ba. Ina zuwa aka ce ta taho. Shi ne mutumin kirki ya ce bari ya biyo ni ya sa ido, daga nan ya wuce asibiti. Shigo mana, Oga Boni, gidanka ne."

Oga Boniface ya shigo da kular abincin matarsa a hannu.

"Hajiya, ina wuni? Madam na gaishe ki. Kullum sai ta yi maganar kirkinki."

Inna ta sunkuyar da kai.

Ya ajiye kular a inuwa ya nufi motar, kamar yadda kowane bakanike ke yi in ya ga bonet a buɗe. Ya shafa bamba da bayan yatsa ya shinshina. Ya leƙa ciki. Ya ga washa biyun ya gyaɗa kai.

"Aikin Khairi ne wannan. Ya yi kyau." Ya ƙara sunkuyawa. "Amma wa ya yi muku wannan waldar? Motar nan ta sha duka a gaba. Bahauddeen, me ka buga?"

Baba Modu ya daina fifita.

"Buga? Ba fenti ka ce min ka kai ta ba?"

Bahauddeen ya kalli get. Babansa na tsaye a bakinsa.

Sai a lokacin Oga Boniface ya lura da fuskar Khairiyya, da fambel a kafaɗarta, da sifana a hannunta.

"'Yata, kuka kike yi? Me ya faru?"

Inna ta matso bayanta, ta damƙi gefen rigar aikin, ta yi magana can ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Khairiyya. Don girman Allah."

Khairiyya ta saki sifanan ya faɗi kan siminti. Ta sa hannu a aljihu. Ta miƙa masa.

Ya karɓa. Ya juya shi. Ya nisantar da shi daga idonsa don bai zo da tabarau ba. Leɓensa na motsi yana karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ai lambar wayata ce."

Ya ɗago kai.

"Khairi. A ina kika samo wannan?"